Waken Samaru da Tsutsar da Ba Ta Barci



A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ABU Zariya, 2019 shekarar girbi ce. A Janairu gwamnati ta amince da waken da ke kashe tsutsar da ke cinye fure, a Disamba aka yi masa rajista da suna SAMPEA 20-T. Gwajin gona kuwa tun 2009 aka fara, shekara goma cur!

To amma fa ita ma tsutsar tana canzawa. Wadda ta ci waken ta tsira ita ke hayayyafa, jikokinta su gaji taurinta. Shi ya sa masana ke son waken gida ya ci gaba da zama a kusa, don masu raunin su riƙa barbara da masu taurin, jinin ya tsarma.