Kafin ka sayo wa 'yan badujala bakin ƙaho daga Sin

Duk wanda ke zaune a Guangzhou ya san saƙon 'yan gida ba ya ƙarewa: waya, atamfa, kayan sola. Mu da ke karatu a Nansha, kusa da tashar jiragen ruwan da ake loda kwantena zuwa Afirka, namu saƙon ya fi yawa. A 'yan watannin nan har da na 'yan badujala, masu neman bakin busawa na turombon ko yufoniyam, manyan ƙahonin nan masu kaurin murya. Na ga ya kamata in yi mana bayani, don wannan saƙo ne da ke cin kuɗin mutum a banza.

Bakin busawa yana da wutsiya mai tsukewa da ke shiga maƙogwaron ƙahon. A turombon wutsiyar iri biyu ce: ƙarama, mai kaurin kusan milimita 11 a ƙarshenta, da babba, mai kusan 12 da rabi. Yufoniyam kuwa yana da ta uku, matsakaiciya. Nan gizo ke saƙar. Tsofaffin ƙahonin Ingila na Besson da Boosey & Hawkes, waɗanda aka ƙera kafin wajajen 1974, matsakaiciyar suke ɗauka, kuma irinsu ne Turawan mulki suka saba kawowa ƙasashenmu. Amma yawancin abin da za ka gani a Taobao ƙarami ne ko babba.

Idan wutsiyar ta yi ƙanƙanta, sai ta nutse, ta riƙa girgiɗi, iska na zurarewa. Idan ta yi kauri, sai ta tsaya a baki, ƙahon ya ƙara tsawo, muryarsa ta yi ƙasa da ta sauran. Wadda ta dace takan shiga kamar santimita 2 da rabi ta zauna daram.

Akwai adafta, wani ɗan bututun ƙarfe da ake sa wa ƙaramar wutsiya ta cika babban maƙogwaro. Tana fid da mutum kunya ranar fareti, sai dai wani lokaci takan taɓa daidaiton murya. Babbar wutsiya kuwa babu adaftar da za ta shigar da ita ƙaramin rami, sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya rage ta.

Shawarata ita ce kada ka biya ko kwabo sai an turo maka hoton sunan kamfani da lambar da ke jikin ƙahon, an kuma auna bakin maƙogwaron da ma'aunin makanikai. Kamfanin Denis Wick ya sauƙaƙa abin: 4AL babba, 4AM matsakaici, 4AY ƙarami. Tura wa mai shago awon da milimita, ka ce ya auna nasa ya ɗauko maka hoto. Kaya in sun shiga kwantena sun yi makonni a teku, babu zancen mayarwa.