A tsuke bakin aljihu, amma aljihun wa?

Idan kai ma'aikaci ne, ka san yadda ƙarshen wata yake. Alat ya shigo, ka yi hamdala, kafin kwana biyar lissafi ya watse. Kuɗin mota, data, wutar lantarki, cefane, ga ƙanne a gida suna jira. To kafin ka sake hawa Facebook ka zazzage fushinka, zo mu zauna mu yi lissafin nan tare, domin wanda ya san inda kuɗinsa ke zurarewa ya fi iya neman haƙƙinsa.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. A Afrilun 2024 masu wutar rukunin Band A suka koma biyan naira 225 kan kowane yunit. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Hauhawar farashi kuwa ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Duk wannan an ce mana magani ne mai ɗaci, a daure a sha.

Gaskiya gwamnati tana da hujjarta. Kafin a cire shi, tallafin mai yana cinye tiriliyoyin naira, wani ɓangare na man ma ana tsallaka iyaka da shi. Kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin tara haraji idan aka auna da girman tattalin arzikinsu. Babu ƙasar da za ta gina asibiti da makaranta da bashi kaɗai. Saboda haka biyan haraji dole ne. Abin tambaya shi ne: wa ya fi ɗaukar kayan?

Duba sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026. Naira 800,000 na farko da ka samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 ne, zuwa miliyan 12 kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An cire masu karɓar mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000. Akwai kuma rangwamen kashi 20 na kuɗin hayar gida, amma bai wuce naira 500,000. Wannan ci gaba ne, a faɗi gaskiya.

Amma ɗauki kalkuleta. Naira 800,000 a shekara ba ta kai 67,000 a wata ba. Mai albashin 250,000 a wata yana samun miliyan 3 a shekara. Idan ba a lissafa cirin fansho da rangwamen haya ba, harajinsa naira 330,000 ne, wato 27,500 duk wata. A takarda sunansa mai matsakaicin ƙarfi. A zahiri kuwa shi ne malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da gida biyu, nasa da na iyayensa. Shi ke biyan kuɗin makarantar kuɗi saboda ta gwamnati ta lalace, shi ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, shi ke zuba wa janareto mai, shi ke ba da kuɗin 'yan sintirin unguwa. Ya biya haraji don a yi masa aiki, sannan ya sake biya ya yi wa kansa aikin.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Mai albashi ba ya iya ɓuya, tun kafin kuɗin su taɓa hannunsa an yanke. Attajiri kuwa dukiyarsa ba albashi ba ce. Tana cikin filaye, gidajen haya, hannun jari da kamfanoni, ga akantoci da lauyoyi da suka san kowace ƙofa. Ribar hannun jari kashi 10 ake cire mata daga tushe, ƙasa da kashi 15 ɗin da ke hawa kan ƙaramin ma'aikaci. Harajin VAT na kashi 7.5 shi ma bai san fuska ba: abin da ɗan acaɓa ya biya kan katin waya, shi mai jirgin sama zai biya. Haka naira 50 ɗin da ake cira a tiransifar naira 10,000 zuwa sama. Mai tura 10,000 da mai tura miliyan 10 kuɗinsu ɗaya.

Su kuma masu cewa a ɗaure ciki, sun ɗaure nasu? A 2023 aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci na alfarma. A Agustan 2024, watan da matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, sabon jirgin shugaban ƙasa ya iso. Irin wannan ne ke sa mutum ya ji haraji kamar ƙwace.

To me za ka yi, ban da zagi a kwament? Na farko, karɓi takardar albashinka ka duba nawa ake yanka, ka kuma kai shaidar biyan haya don a ba ka rangwamenka. Na biyu, ka sani harajin albashin yawancin ma'aikata asusun jiha yake shiga, kuma kason da jihohi ke samu daga Abuja ya ƙaru sosai bayan cire tallafi. Saboda haka gwamnanka ma yana da amsar da zai bayar. Nemo kasafin kuɗin jiharku, ka duba nawa aka ware wa asibitin garinku, nawa aka ware wa motoci da tafiye-tafiye, ka ɗora a shafinka mutane su gani. Na uku, idan 'yan takara suka zo neman ƙuri'a, tambaye su kai tsaye: ta yaya za su sa masu manyan kadarori su biya nasu kason, kuma me za su rage daga jin daɗin ofishinsu?

Wayar da ke hannunka ka biya harajinta, datar ciki ma haka. Yi amfani da su ka tambayi inda kuɗin suka tafi.