Matambayi Ba Ya Ɓata, Amma Wa Za Ka Tambaya?

Jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mun saba da tafiya a mota. Mun san tasha, mun san direbobi, mun san kuɗin mota zuwa Funtuwa. Amma wata rana doguwar tafiya takan taso. Wani zai je aikin Hajji ko Umara. Wani zai kai mara lafiya asibiti a Abuja. Wani ɗansa ne ya sami karatu a ƙasar waje. A nan ne ake bukatar jirgin ƙasa ko jirgin sama, kuma a nan ne masu ba da shawara suke yawa.

Shawarar banza tana cin kuɗin mutum. Akwai wanda ya sayar da shanu ko gona, ya miƙa wa dillali kuɗin, bai ga jirgi ba, bai kuma sake ganin dillalin ba. Saboda haka kafin ka karɓi shawarar kowa, yi tambayoyi uku.

Tambaya ta farko: yaushe ya yi tafiyar?

Labarin tafiya kamar dafaffen abinci ne. Idan ya kwana biyu, sai ya lalace.

Ga misali. Tun shekarar 1929 layin dogo ya haɗa Zariya da Ƙauran Namoda, ya bi ta Funtuwa da Gusau. Dattawanmu sun hau wannan jirgi, an kuma yi ta ɗaukar auduga da gyaɗa a cikinsa. Amma jirgin fasinja a wannan layi ya sha tsayawa na shekaru. Dattijon da ya ce maka ka je tashar Funtuwa ba ƙarya ya yi ba. Labarinsa ne ya tsufa.

Haka ma jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja. An buɗe shi a shekarar 2016. Yana tashi daga Rigasa a Kaduna, ya tsaya a Idu a Abuja. A shekarar 2021 aka fara sayar da tikitinsa ta intanet. Ranar 28 ga Maris, 2022 'yan bindiga suka kai masa hari, aka dakatar da shi har zuwa watan Disamba na wannan shekara. Da ya dawo aiki, sai aka ce duk mai sayen tikiti ya kawo lambarsa ta zama ɗan ƙasa, wato NIN. Ka ga ke nan wanda ya hau shi a 2017 bai san waɗannan ƙa'idoji ba.

A jirgin sama ma haka ne. Alhazanmu na da sun san kamfanin Nigeria Airways. Wannan kamfani ya daina aiki tun shekarar 2003.

Tambaya ta biyu: aikinsa ne, ko ji ya yi?

Kowace tafiya tana da hukumar da ke kula da ita. Can ne ake samun labari na gaskiya.

Jirgin ƙasa yana hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya. Lokacin tashi da kuɗin tikiti, a tambayi ma'aikatanta a tasha. A 2021 an ɗora harsashin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Katsina da Jibiya. Ko wannan ma, kada ka dogara da hirar kasuwa. Sanarwar hukuma ce za ta gaya maka ranar hawa.

Aikin Hajji yana hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina. Sama da ita akwai Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006. Je ka sakatariyar ƙaramar hukumarku, ka nemi jami'in alhazai. Idan kamfani mai zaman kansa ne zai kai ka Hajji ko Umara, ka tabbatar yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa.

Fasfo kuwa Hukumar Shige da Fice ce kaɗai take yin sa, kuma sai ka je da kanka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Allurar rigakafi da katin shaidarta, a wurin ma'aikatan lafiya ake samu. Katin da aka saya ba tare da allura ba, cutar kai ne.

Tambaya ta uku: me zai samu idan ka bi maganarsa?

Wanda zai ci riba a kanka ba zai gaya maka aibin hajarsa ba. Yi hattara da mai cewa, kawo kuɗi yau, gobe kujera ta ƙare. Yi hattara da mai cewa ka zuba kuɗi a asusunsa na kansa. Yi hattara da wanda farashinsa ya yi araha fiye da na kowa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wasu dillalai sukan ba mutum bizar ziyara, su ce zai yi Hajji da ita. Dokar Saudiyya ta hana. A shekarar 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai Riyal 20,000 ga wanda aka kama yana neman yin Hajji ba da izini ba. Baƙon da aka kama za a koro shi, a hana shi komawa har shekara 10.

Iyaye kuma su kula da masu yi wa 'yan mata alkawarin aiki a ƙasar waje, wai ba sai an biya kuɗin jirgi ba. Sau da yawa wannan safarar mutane ce. A kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar NAPTIP.

Abin da za ka kiyaye a ranar tafiya

1. Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na katinka ko fasfonka. Karanta shi da kanka, harafi bayan harafi.

2. Karɓi rasit na kowane kuɗi da ka biya. Ajiye shi a gida inda ruwa ba zai taɓa shi ba.

3. Kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba. Kada ka yarda a rubuta sunanka a jakar da ba taka ba. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina, saboda an sami ƙwaya a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Bincike ya nuna wasu ne suka maƙala sunan nata a filin jirgin sama na Kano. Sai a watan Afrilu na 2019 aka sake ta.

4. Kada ka ɗauki goro zuwa Saudiyya, an hana. Wuƙa da almakashi ba sa shiga jakar hannu.

5. Isa filin jirgi da wuri, ko na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina ko na Malam Aminu Kano. Ƙasar waje, awa 3 kafin tashi. A lokacin hunturu hazo yakan hana jirgi tashi, sai ka riƙe guzuri.

6. Hanyar da za ta kai ka tasha ita ma tafiya ce. Ko ta Sheme za ka bi, ko ta Ɗandume, tambayi direbobin da suka bi ta a ranar. Tashi da safe, kada dare ya same ka a daji.

Mai karatu, duk waɗannan abubuwa a rubuce suke: tikiti, rasit, fasfo, allon sanarwa. Wanda ya iya karatu zai duba da idonsa, dillali ba zai karanta masa abin da ya ga dama ba. Idan maƙwabcinka zai yi tafiya kuma bai iya karatu ba, zauna da shi ka karanta masa takardunsa kafin ya biya ko kwabo.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.