Keken Lantarki: Yaushe Yake Tashi Daga Keke Ya Koma Babur?

 Yau a kan keken lantarki za mu yi magana, musamman dokarsa a Turai, domin matasanmu da ke can, ɗalibai da masu neman na kai, da yawa da shi suke sana'ar kai abinci gida-gida.

Bari in fara da tambaya. Ga kekuna biyu a gabanka, launi ɗaya, batir ɗaya, kowanne da fedarsa. Ɗaya doka ta ce keke ne, hau abinka, ba lasisi, ba lamba, ba inshora. Ɗayan kuma doka ta ce babur ne, in ka hau shi haka nan ka yi laifi. Me ya raba su?

A ƙasashen Tarayyar Turai amsar tana cikin wata doka mai lamba 168 ta shekarar 2013. Sharaɗi uku ta gindaya. Ƙarfin injin na yau da kullum kada ya wuce wat 250. Injin ya riƙa taimaka maka ne kawai lokacin da kake taka feda. Sannan da ka kai gudun kilomita 25 a awa, ya ɗauke. Birtaniya ma haka take, sai dai su da mil suke lissafi, mil 15.5, kuma sai ɗan shekara 14 zuwa sama ne zai hau.

To ku lura da wani abu a nan, don mutane suna yawan ruɗewa. Wannan 25 ɗin ba iyakar gudun titi ba ce irin wadda ake rubutawa a allo. Iyakar taimakon injin ce. In kana da ƙarfin ƙafa, ko kana gangara, ka kai 35, ba ka taka wannan dokar ba, tunda kai ka yi gudun, ba batir ba. Matsala tana farawa ne idan injin ya ci gaba da tura ka bayan 25, ko kuma akwai totur da za ka murza keken ya tafi da kai kana zaune ƙafa a sake. Turawa sun yarda da irin wannan tafiya ba feda ne zuwa kilomita 6 a awa kacal, wato saurin mai tura keke a ƙasa.

Me ya sa suka tsaya a 25? Ku yi lissafin da ni. A gudun 25, duk daƙiƙa ɗaya kana cin kusan mita 7. A gudun 45, mita 12 da rabi. Kenan kafin ma hannunka ya kai birki ka yi nisa. Ƙarfin karo kuwa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, in gudu ya ninka biyu shi sau huɗu yake ninkawa. Daga 25 zuwa 45, ƙarfin da za ka daki mutum da shi ya haura ninki uku. Kuma wannan abin hawa ne da aka yarda ya bi hanyar kekuna, kusa da yara da tsofaffi, ba ƙara ba hayaƙi, ba mai jin zuwansa.

Ba wai an hana mai gudun 45 ba ne. Akwai shi, ana sayarwa. Amma a ajin ƙaramin babur yake. A Jamus sai ka yi masa inshora, ka maƙala ƙaramar lamba a baya, ka mallaki lasisi, ka sa hular kwano, kuma galibi ba ruwanka da hanyar kekuna. Mu da muka ga yadda aka hana acaɓa a Kano a 2013 ai mun san sunan da hukuma ta kira abin hawanka da shi yana iya taɓa abincinka.

Yauwa, yanzu ga inda nake so mu daɗe. Wannan takunkumin na 25 a cikin 'yar kwamfutar keken yake, kuma cire shi ba wuya. Wani 'yar na'ura yake sawa da ke yaudarar injin, keken yana 40 ita tana ce masa 20 yake. Wani kuma keke na gama-gari yake saya, ya ɗaura masa inji mai wat 1000 da ya yi oda ta intanet. A ido keke ne. A doka kuwa, tun daga wannan lokacin kai direban babur ne marar rajista, marar lasisi, marar inshora. Laifi uku kenan tun ba ka taɓa kowa ba.

A Birtaniya tuƙi ba inshora kaɗai tarar fam 300 ce da maki 6 a lasisinka, kuma 'yan sanda suna da ikon ƙwace abin hawan. Faransa ta fi zafi, dokarta ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar yuro 30,000 kan cire takunkumin gudu.

Amma wallahi tarar ba ita ce abin tsoro ba. Ranar haɗari ce. A watan Agustan 2018, a unguwar Dalston da ke Landan, wani mai keken lantarki ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu. Masu gabatar da ƙara suka ce yana gudun kusan mil 30 a inda iyaka 20 ce, kuma tunda kekensa ya wuce ƙa'ida, babur ne. Sai aka gurfanar da shi da tuhumar da ake yi wa direbobi: jawo mutuwa ta hanyar tuƙin ganganci, da rashin lasisi, da rashin inshora. A 2020 kotu ta wanke shi. Ba hukuncin nake so ku duba ba, ku dubi tuhumar. Mutum ya fito daga gida a matsayin mai keke, ya tsaya gaban alƙali a matsayin direba.

Ga kuma maganar diyya. Mai mota in ya ji wa wani rauni, kamfanin inshora ne ke biya. Kai da ka cire takunkumi ba ka da kowa. Ko kana da inshorar nan ta gama-gari da Jamusawa ke yawan yi don ɓarnar da mutum zai iya yi wa wani, ita keke ta sani, ba ta san babur ba. Kuɗin asibiti, kuɗin aikin da wanda ka buge ya rasa, duk a wuyanka, kuma a Turai irin wannan bashin yana iya bin mutum shekaru.

Zama cikin ƙa'ida kuma yana da riba ko da kai aka buge. A Oktoban 2023 babbar kotun Tarayyar Turai ta duba shari'ar wani mai keken lantarki da mota ta kashe a Beljiyam. Tambayar ita ce, direban abin hawa mai inji ne shi, ko mai keke? Kotu ta ce keken da sai an taka feda injinsa ke taimakawa ba ya cikin ababen hawan da dokar inshorar motoci ke nufi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a Beljiyam masu keke da masu tafiya a ƙasa suna da wata kariya ta diyya da direba ba shi da ita.

Ni dai ban ga adalci ba a ce laifin duk na yaran nan masu kai abinci ne. Kuɗinsu a kan yawan saƙon da suka kai yake, manhaja tana ƙirga musu mintoci, mai abinci yana jira. Dole gudu ya yi daɗi. Amma yawancinsu a takarda masu zaman kansu ne. Kotun Ƙolin Birtaniya ma, a wata shari'a kan kafa ƙungiyar ƙwadago a Nuwamban 2023, ta ce masu kai saƙon Deliveroo ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Kun ga kenan ribar saurin ana rabawa, amma in ta ɓaci kai kaɗai ne.

Wani zai ce, to ai a Amurka ana tafiya fiye da haka. Gaskiya ne. Dokar tarayyarsu ta 2002 ta yarda da inji ƙasa da wat 750 da gudun mil 20, kusan kilomita 32, kuma jihohi irin su Kalifoniya suna da aji na uku mai kai mil 28. Sin kuma, inda ake da irin waɗannan kekuna sama da miliyan 300, ta tsaya a kilomita 25 da wat 400. Shi ya sa bidiyon da ka gani a YouTube ba hujja ba ne. Keken da yake halal a Kalifoniya babur ne a Landan.

Don haka in za ka saya, ko za ka karɓi haya a hannun wani, duba tambarin da ke jikin firam ɗin ko injin, ka ga wat nawa aka rubuta da gudun da yake ɗaukewa. Rubutu ma ba ya isa, don ana canza ciki a bar tambari. Hau shi a fili, ka taka har 25, ka ji ko injin ya sake ka. In kuma ka murza totur ya tafi da kai ba feda, mayar wa mai shi kayansa.

Ku ajiye mana tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.