Angus Deaton: masanin tattalin arzikin da ya auna jin daɗin rayuwa da tsufa

A shekarar 2015 aka bai wa Farfesa Angus Deaton kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda binciken da ya yi kan yadda iyalai ke kashe kuɗi, da talauci, da walwalar jama'a. An haife shi a birnin Edinburgh na Scotland a 1945, ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, ya koyar a Bristol, sannan ya koma Jami'ar Princeton ta Amurka a 1983.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa da dama shi ne bai tsaya ga jimillar arzikin ƙasa ba. Ya fi dogara da binciken gida-gida, inda ake tambayar magidanta abin da suka samu, da abin da suka ci, da abin da suka saya. A ganinsa, arzikin ƙasa na iya ƙaruwa a takarda alhali tukunyar talaka ba ta sauya ba. Irin waɗannan bayanai daga Cote d'Ivoire na cikin waɗanda ya yi nazari a kansu don fahimtar yadda iyalai ke tanadi domin shekarar da kuɗi suka yi ƙaranci.

Batun tsufa ya fito fili a wani aiki da ya wallafa a 1998 tare da Anne Case, wadda ita ce matarsa kuma abokiyar aikinsa. Sun duba fanshon da gwamnatin Afirka ta Kudu ke biyan tsofaffi marasa ƙarfi, ko da ba su taɓa yin aikin albashi ba. Sun gano cewa kuɗin na isa gidajen talakawa sosai, kuma da yake tsofaffi da yawa na zaune da jikokinsu, yara ma suna amfana.

Daga baya ya karkata ga tambayar mutane kai tsaye yadda suke ganin rayuwarsu. Kamfanin Gallup kan nemi mutum ya ɗauki rayuwarsa kamar tsani mai hawa daga 0 zuwa 10, ya faɗi matakin da yake kai. A 2010, shi da Daniel Kahneman sun nuna cewa a Amurka maki na tsanin na ci gaba da hawa idan kuɗin shiga sun ƙaru, amma farin cikin yau da kullum ba ya ƙaruwa sosai bayan kimanin dala 75,000 a shekara.

A wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2015, shi da Andrew Steptoe da Arthur Stone sun kwatanta sassan duniya. A ƙasashe masu arziki da ke magana da Ingilishi, gamsuwa da rayuwa na raguwa zuwa tsakanin shekara 45 da 54, sannan ta sake hawa. A ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai kuwa, raguwa take yi yayin da shekaru ke ja. A Afirka kudu da Sahara, bambancin tsakanin matasa da tsofaffi kaɗan ne. Wannan ya nuna cewa yadda mutum ke ji da tsufansa ya danganta da ƙasar da ya tsufa a cikinta.

A shekarar ce kuma shi da Anne Case suka bayyana cewa mace-mace na ƙaruwa tsakanin fararen fatar Amurka masu matsakaicin shekaru, musamman waɗanda ba su yi jami'a ba, sakamakon miyagun ƙwayoyi, barasa da kashe kai.

Ga ƙasashen da yawancin tsofaffinsu manoma ne ko ƴan kasuwa marasa fansho, masu dogaro da ƴaƴansu, darasin Afirka ta Kudu ya fi kusa: kuɗin da aka bai wa kaka na iya zama abincin jikokinta.