Tangaraho, garmaho da giram: Kalmar Girka ɗaya da ta ɓuya a bakin Bahaushe

Duk wanda ya ratsa Hayin Banki a Kaduna ya nufi Kawo zai ci karo da allunan shaguna masu ɗauke da Photography ko Graphics. A kasuwa kuma ana awo da kilogiram, matasa na sayar da kaya ta Instagram. Waɗannan kalmomi uwa ɗaya ta haife su, wato graphein, kalmar tsohon harshen Girka.

Asalin ma'anarta shi ne karta ko tsaga abu da tsinke, domin haka mutanen da ke yin rubutu a kan dutse da allon kakin zuma. Daga baya ta koma nufin rubutu da zane. Daga gare ta aka samu gramma, wato harafi ko abin da aka rubuta. Shi ya sa take bayyana a Turanci da fuska biyu, graph da gram.

Sanin wannan na rage wa ma'aikaci wahalar takardun ofis. Bio rayuwa ce, don haka biography tarihin rayuwar mutum ne. Auto na nufin kai, sai autograph ya zama sa hannun mutum da kansa. Geo ƙasa ce, geography kuwa labarin ƙasa. Hatta baƙin da ke cikin fensir, graphite, masanin ma'adinai ɗan Jamus Abraham Werner ya raɗa masa sunan a 1789 saboda rubutu ake yi da shi.

Sai dai abin ya fi armashi idan aka dubi yadda Hausa ta karɓi 'ya'yan wannan kalma. Telegraph, wato rubutu daga nesa, ya zama tangaraho. Da wayarsa Turawan mulkin mallaka suka riƙa aika umarni zuwa larduna bayan Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917. Na'urar ta shuɗe, amma ta bar gadon "gidan waya" da "buga waya", furucin da tun kafin zuwan salula yake nufin aika saƙon tangaraho. Gramophone, wanda Emile Berliner ya yi wa rajista a Amurka a 1887, ya koma garmaho, akwatin faifai da dattawa ba su manta ba. A duka biyun sautin "f" ya rikiɗe zuwa "h", kamar yadda ake jin fuɗu da huɗu a karin harsunan Hausa.

Hoto kuwa labarinsa daban ne. Photograph na nufin zane da haske, kuma John Herschel na Ingila ne ya yaɗa kalmar a 1839. Turawa suka gajarta ta zuwa photo, Hausawa suka ari guntun. Ashe abin da ya iso gare mu hasken ne kawai, rubutun ya faɗi a hanya.

Giram ɗin masu awon zinari ma ɗan gidan ne, domin Girkawa sun kira wani ƙaramin ma'auni da gramma. Faransawa suka ɗauke shi lokacin da suka tsara awon mita a ƙarshen ƙarni na 18.

Alƙalami ba daga graphein ya fito ba, amma shi ma Bagirke ne. Sunansa na asali kalamos, wato kara, ya bi ta Larabci kafin ya iso hannun almajiri a tsangaya.