Idan ƙwaro ya daina jin magani

'Yan uwa, duk mai noman lambu ya san wannan matsala: maganin da ya kashe ƙwari bara, bana sai ka fesa su kakkaɓe jiki su ci gaba da cin ganye. Sai manomi ya ninka awo. Ƙarin nan kuwa a fatarsa yake sauka, da huhunsa, da kayan miyan da muke saye a kasuwa.

A Amurka akwai wani ƙwaro mai ratsin baƙi da rawaya da ke cinye ganyen dankalin Turawa, ana kiransa ƙwaron Kolorado. Tun 1952 ya daina jin DDT, yau kuma ya gagari magunguna sama da 50. Dalili shi ne kowane feshi yana barin 'yan tsirarun da jikinsu ke iya narkar da dafin, su ne kuma ke haihuwa.

Sai masana suka canza hanya. Jikin kowace halitta yana aiki ne da saƙon da ƙwayoyin gado ke aikawa, ana kiran saƙon RNA. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna cewa ana iya tare saƙo guda a lalata shi kafin ya isa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2006. A Disamban 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da wani feshi mai suna Calantha da aka gina a kan wannan ilimi. Ƙwaron yana cin ganyen, sai saƙon da ke sa jikinsa share lalatattun sinadarai ya tsaya. Ya daina ci, bayan 'yan kwanaki ya mutu. An tsara feshin ne daidai da gadon wannan ƙwaro, ba kamar tsofaffin magunguna masu kashe na gida da na daji ba, kuma ba ya daɗewa a ƙasa.

Amma kada a yi saurin murna. A ɗakin gwaji an riga an samu ƙwarin da suka jure shi, shi ya sa ake cewa a riƙa sauya shi da wasu dabaru.

Masu sayar da wake a zango, wannan feshi ba zai taɓa ƙwaron buhunku ba. Naku maganin yana nan kusa: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke hana iska shiga har ƙwaron ya mutu, ba tare da an zuba ƙwayar guba a cikin abincin mutane ba.